Ge Hong: Marayan Da Ya Sayar Da Itace Ya Bar Wa Duniya Maganin Masassara

Duk wadda ke zaman kasuwa a Maraɗi ta san abin da ƙarshen damina ke zuwa da shi: yau maƙwabciyar rumfa ba ta fito ba, gobe ke ma kin rufe tebur kin goyi yaro zuwa likita. Idan gwaji ya nuna palu ne, sai a ba ki ƙwayoyin nan da ake sha kwana uku, irin su Coartem. To, asalin ƙwayoyin ganye ne, kuma wanda ya fara rubuta yadda ake shan ganyen don masassara wani mutumin ƙasar Sin ne mai suna Ge Hong. Tarihinsa muka kawo muku yau.

An haife shi a shekarar 283 Miladiyya a garin Jurong, kusa da birnin Nanjing na yanzu. Gidansu gidan ma'aikatan sarauta ne, amma yana ɗan shekara 13 mahaifinsa ya rasu, talauci ya shigo. Yaƙe-yaƙe kuma sun riga sun cinye littattafan gidan. Sai yaron ya koma noma da saran itace. In ya sayar da ƙunshi ya sayi takarda, ya yi tafiya mai nisa ya aro littafi, da dare ya zauna bakin wuta yana kwafewa da hannu. Da haka ya ilmantu, daga baya ya zauna gaban wani malami mai suna Zheng Yin ya koyi sanin itatuwa da haɗa magunguna.

A shekarar 303 tawaye ya ɓarke a yankinsu, aka ba shi jagorancin ɗaruruwan mayaƙa, aka yi nasara, har ya samu muƙamin janar. Amma sarauta ba ta zauna masa a zuciya ba. A 306 wani abokinsa da aka naɗa gwamnan Guangzhou, can kudu, ya kira shi aiki. Kafin aikin ya kankama aka kashe abokin. Ge Hong ya yi zamansa a kudun shekaru da dama, ƙasa ce mai zafi da ruwa da sauro, inda masassara ke kayar da mutane kamar yadda take yi mana. Ya auri Bao Gu, wadda ita ma ta shahara da warkarwa ta hanyar ƙona busasshen ganye a kan wurin ciwo, har yau ana lissafa ta cikin matan farko da suka yi suna a likitancin Sin.

Abin da ya dame shi shi ne littattafan magani na zamaninsa an yi su ne don masu hali. Suna da girma, kuma suna kiran magunguna masu tsada waɗanda talakan ƙauye ba zai taɓa gani ba. Shi kansa ya tara babban kundi mai naɗi 100, sai ya tace shi ya fitar da ƙarami mai naɗi 3 wanda mutum zai iya sawa a hannun riga ya yi tafiya da shi. A ciki ya zaɓi abin da ake samu a bayan gida ko a saya da araha. Ya bayyana alamun cutar agana, ya yi bayani kan cizon mahaukacin kare, ya kuma jera hanyoyin magance masassarar da ke zuwa tana komawa.

Cikin waɗannan akwai ɗan gajeren bayani kan wani tsiro mai ɗaci da ƙamshi da Sinawa ke kira qinghao, ɗan uwan tazargaden da ake sayarwa a kasuwanninmu. Ya ce a ɗebi cikin hannu ɗaya, a jiƙa a ruwan da bai kai rabin lita ba, a matse, a shanye ruwan. Bai ambaci tafasawa ba, alhali yawancin magungunan Sin dafa su ake yi.

Ba duk abin da ya taɓa ba ne ya zama alheri. Ya ɓata shekaru yana neman maganin da zai hana mutuwa, yana narka wani jan dutse mai ɗauke da zaiba. Neman dutsen ne ma ya sa da girma ya kama shi ya roƙi a tura shi wata gunduma can ƙuryar kudu. Gwamnan Guangzhou ya tsayar da shi a hanya, sai ya tare a kan dutsen Luofu yana rubutu har ya rasu a 343. Irin wannan haɗin zaiba ya halaka mutane a bayansa, har da sarakuna. Mutuwa dai rigar kowa ce.

Ɗan littafin talakawan ne ya rayu. A 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, masassara ta daina jin kulorokin, gwamnatin Sin ta kafa shirin neman sabon magani. Wata mai bincike, Tu Youyou, ta duba haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000. Ta gwada qinghao, wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi. Da ta koma ga bayanin Ge Hong sai ta lura da maganar jiƙawa, ta yi tunanin zafi ne ke ɓata mata aiki. Ta canza hanya ta tatsi ganyen ba tare da zafi mai yawa ba, a 1971 gwaji na 191 ya kashe ƙwayar cutar baki ɗaya a jikin ɓeraye. A 1972 ta fara sha da kanta kafin a ba marasa lafiya. Sinadarin shi ne artemisinin, kuma a 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Yau ana noman tsiron a Sin da Biyetnam da Madagaska da gabashin Afirka. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, giram ɗaya ya haura ƙwaya 10,000, don haka sai an yi reno a dasa, kamar yadda masu lambun Jiratawa da Tibiri ke yi wa albasa. Yana kai mita biyu, ana yanke shi dab da fitar fure, a shanya, a kai masana'anta. Sinadarin da ke cikin busasshen ganyen kusan kashi 1 ne cikin 100, kuma yana bambanta daga gona zuwa gona.

A nan ne muke jan hankalin iyayenmu mata. Ba kowane tazargade ke ɗauke da wannan sinadari ba, wanda ke da shi ma ba a san awonsa a kofi ba. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyon bayan shan shayin ganyen a madadin ƙwaya. Maganin da bai kai awo ba yakan sassauta zafin jiki ya bar cutar da rai, har ta koyi jure masa. An riga an ga haka a Kambodiya, an kuma gani a Ruwanda da Uganda. In ya iso mana, ƴaƴanmu ne za su biya.

Saboda haka in jikin yaro ya yi zafi, a kai shi a gwada. In an ba da ƙwaya, a saye ta a farmasi, a bar ta tire da rana ta gasa. A sha safe da yamma har kwana ukun su cika ko da ya miƙe yana wasa, a haɗa da nono ko abinci mai maiƙo. Maraya mai saran itace ya kiyaye awo da ƙa'ida a rubutunsa, bayan shekaru sama da 1,600 aka ci moriyarsa. Mu ma mu kiyaye namu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.