TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYIYA KOFOWOROLA ABENI PRATT

An haifi Kofoworola Abeni a birnin Ikko a zamanin mulkin Turawa, cikin gidan masu bi. Ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta Mishan C.M.S. Tun tana ƙarama zuciyarta na kan aikin jinya, amma mahaifinta bai yarda ba, gama a lokacin ba a ɗauki wannan aiki a bakin kome ba. Ta yi biyayya, ta koyi aikin malanta a Badun, ta koma ta koyar a makarantar da ta yaye ta.

Bayan ta yi aure ne ƙofa ta buɗu. A shekara ta 1946 ta tafi Ingila, ta shiga makarantar jinya ta Asibitin St. Thomas a Landan, wadda Florence Nightingale ta kafa a 1860. Ita ce baƙar fata ta farko da ta yi karatu a wurin, ga shi kuwa matar aure ce mai ɗa. Ta gama, ta ƙara da unguwarzomanci da ilimin cututtukan ƙasashe masu zafi.

A 1954 ta komo gida. Da ta nemi matsayin shugabar ɗakin majinyata a Asibitin Koyarwa na Badun, da fari aka hana ta, domin Turawa ne ke riƙe da irin wannan matsayi. Ba ta yi fushi ta koma Ingila ba. Ta jure, aikinta ya yi mata shaida, har a 1964 ta zama shugabar dukan ma'aikatan jinya na asibitin, 'yar ƙasa ta farko da ta hau wannan kujera. A 1965 aka naɗa ta Babbar Jami'ar Jinya ta Nijeriya.

Babban abin da ta sa a gaba shi ne koyarwa. Ta gane cewa nas ba 'yar aiken likita ba ce kawai. Dole ta san dalilin kowane magani, ta iya gane ciwo tun bai yi tsanani ba, ta kuma iya koya wa na bayanta. Saboda haka ta sa hannu wajen kafa sashen jinya a Jami'ar Badun a 1965, inda aka soma ba da digiri a wannan fanni. Daga 1973 zuwa 1975 ta riƙe Kwamishinar Lafiya ta Jihar Ikko. A 1973 kuma ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ba ta lambar girma ta Florence Nightingale. Ta huta a ran 18 ga Yuni, 1992.

'Yan'uwa, mu da ke Falgore, Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji mun san amfanin abin da ta yi wa wahala. Idan naƙuda ta zo da dare, ko zazzaɓi ya kā da yaro cikin damina, sau da yawa nas ko unguwarzoma za mu fara tararwa kafin likita. Ran ɗanmu yana rataye ga irin horon da ta samu.

Saboda haka, iyaye, idan 'yarku ta ce tana son aikin jinya, kada ku tsaya mata a hanya. Ku sayar da buhun masara ku biya mata kuɗin makaranta. Wataƙila hannunta ne zai karɓi jikanku.