Ladi Kwali, matar da ke bayan Naira ashirin



Tun ina yaro nake taya mahaifina ƙirgar kuɗi a kasuwar shanu ta Iware, amma wallahi ban taɓa tsayawa na dubi matar da ke bayan Naira ashirin ba. Murtala na sani, shi ke gaba. Sai kwanan baya da wani abokina ya ja ni kallon baje kolin zane da hotuna na ɗalibai a wata kwaleji a Jalingo. Wani ɗalibi ya zana ta babba a jikin allo, ta sunkuya a kan tukunya. Na ce ai na san fuskar nan. Abokina ya zaro ashirin daga aljihu ya miƙo min, ga sunanta ma a rubuce. Kunya ta kama ni, shi ya sa na bi diddigin labarinta.

An haifi Ladi wajajen 1925 a garin Kwali, ƙasar Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari. Ginin tukwane a wurinsu sana'ar mata ce, ita ma a hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koya tun tana ƙarama. Babu inji. Za ta ajiye curin yumɓu, ta riƙa zagaya shi tana jan sa sama, tana ɗora igiyar yumɓu kan igiya har randa ta tashi. Kafin ta bushe sai ta tsaga mata zane: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi, tsuntsu. Daga nan a tara itace da ciyawa a gasa a fili.

Hannunta ya fita daban, har Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya riƙa ajiye randunanta a fada. A lura, Abujar da ake magana ita ce Suleja ta yanzu, babban birnin tarayya aron sunan ya yi daga baya. A fadar ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga aikinta a 1950, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta sa shi zagaya Arewa ya duba harkar tukwane. Ya buɗe makarantar koyon sana'ar a garin, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a cikinta.

A can ta koyi juya yumɓu a kan faifai, tana yin kwanoni da butoci da kofuna. Amma manyan randunan ba ta yarda ta canza musu hanya ba, da hannu ta ci gaba da gina su kamar yadda aka koya mata a Kwali. Abin da ya canza shi ne yumɓun da wutar. Aka koma cike zanen da farar ƙasa, a shafe randar da ruwan ƙyalli, a gasa ta a rufaffen murhu mai zafin da ya wuce digiri 1,200.

Nan ne abin ya tsaya min a rai. Randar gida tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsatsafowa, iska ta bugi jikinta. Wadda aka shafe da ƙyalli ba ta tsatsafo, ga nauyi kamar dutse. Wato randar da ta kai Ladi duniya ta daina aikin randa. Babu matar da za ta ɗauke ta zuwa rafi, sai dai a girke ta a ɗaki a yi kallo. Ni ɗan kasuwa ne, ba zan ce ta yi asara ba, domin abin da ake saya da kwabbai ya koma kayan manya. Amma in aka ce min Bature ne ya gyara mata sana'a, ba na yarda. Ya same ta ne sarki na ajiye kayanta.

An baje aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta je Ingila da kanta, ta shiga makarantun zane tana gina randa a gaban ɗalibai da malamansu, sannan a 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew. Matar da ba ta yi boko ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin dakta na girmamawa a 1977. Ingila ta ba ta lambar MBE, Najeriya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa a 1980, da OON a 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Makarantar Suleja sunanta take amsawa yanzu.

Akwai magana ɗaya da ba za ta yi mana daɗi ba. Mu Hausawa in mutum ya kasa magana daidai sai mu ce yana gwaranci, mu yi dariya. Ku da kuke zaune a garin wasu kun fi ni sanin zafin wannan, don ni ma na raka tirelar shanu kudu, na ji yadda ake kiran mutum aboki da wata irin murya. To Bagwariyar nan ita ce macen da aka rubuta sunanta a kuɗinmu. 'Yan matan Fulani da ke bayan Naira goma da ƙoren nono a kai, har yau ba su da suna a jikin takardar.

Yanzu ashirin ɗin ko ruwan leda ba ta saye a wurare da yawa, direbobi ma ƙin karɓarta suke. Wadda abokina ya ba ni ban kashe ba. Na kai wa ƙanwata da ke aji huɗu a firamare, na ce ta karanta min sunan, ta karanta, sannan ta tambaye ni ko matar tana sayar da tukunyar ne ko tata ce.