Nawab Akbar Bugti: Basaraken da Pakistan ta kashe a kogo, wutar tawaye ta ƙi mutuwa

A ranar 16 ga Maris, 2025, wata mota maƙare da bama-bamai ta afka wa ayarin motocin jami'an tsaron Pakistan a Nushki da ke lardin Balocistan, kwana biyar bayan 'yan aware sun tare jirgin ƙasa na Jaffar Express a tsaunukan Bolan. Ƙungiyar BLA mai fafutukar ɓallewar lardin ta ɗauki alhakin hare-haren biyu. Duk lokacin da irin wannan ta faru, sunan da ke fara dawowa bakin mutane shi ne Nawab Akbar Khan Bugti, dattijon da ya yi kusan shekara ashirin a kabari, wanda kuma ya riƙe manyan muƙamai a cikin gwamnatin da ake yaƙa da sunansa.

An haife shi a 1927 a Barkhan, a gidan sarautar ƙabilar Bugti. Mahaifinsa, Nawab Mehrab Khan, ya rasu yana yaro, sai rawani ya faɗo masa tun bai yi gemu ba. Ya yi karatu a Kwalejin Aitchison ta Lahore, inda Turawan Ingila ke horar da 'ya'yan sarakuna, ya fito da Turanci mai daɗin ji da son karatun littattafai. Amma tarbiyyar duwatsu ba ta bar shi ba. Shi da kansa ya shaida wa marubuciyar Ingila Sylvia Matheson cewa yana da shekara 12 ya fara kashe mutum.

A 1952 aka gano iskar gas a Sui, a tsakiyar ƙasar Bugti, kuma a nan ƙaddararsa ta ɗaure. Cikin 'yan shekaru bututu ya kai gas ɗin Karachi da biranen Punjab, masana'antu suka tashi a kansa. Kwetta, babban birnin lardin da ya haifi arzikin, sai a shekarun 1980 ta ga gas, matan ƙauyukan da ke kewaye da rijiyoyin kuwa suka ci gaba da girki da itace. Bugti ya riƙe wannan ƙorafi har ƙarshen ransa. Sai dai masu sukarsa ba su rasa abin faɗi ba: kamfanin gas yana biyan kuɗin haya da diyya ta hannunsa, amma Dera Bugti ba ta ga makarantu da asibitocin da za a nuna ba.

Siyasarsa ta kasance shiga da fita. Ya riƙe ƙaramin minista a gwamnatin tarayya a 1958, kafin Janar Ayub Khan ya yi juyin mulki, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa kan zargin kashe wani ɗan uwansa, daga baya aka sassauta aka sake shi.

Tabon da bai goge ba shi ne na 1973. A Fabrairun shekarar aka gano makamai a ofishin jakadancin Iraƙi da ke Islamabad, Firaminista na gobe, Shugaba Zulfikar Ali Bhutto, ya fake da haka ya rushe zaɓaɓɓiyar gwamnatin lardi ta Ataullah Mengal. Wanda aka naɗa gwamna a madadin 'yan uwansa Baloc shi ne Akbar Bugti. Yana kan kujerar ƙabilun Marri da Mengal suka hau duwatsu suna yi wa ayarin soja kwanton ɓauna, yaƙin da ya kai 1977, wanda Sarkin Iran ya taimaka wa Pakistan a cikinsa da jirage masu saukar ungulu don gudun kada wutar ta tsallaka wa Baloc ɗin ƙasarsa. Bugti ya ajiye muƙamin kafin ya cika shekara, amma 'yan kishin Baloc sun daɗe suna kallonsa a matsayin wanda ya buɗe wa kura ƙofa.

Ya dawo a 1989 a matsayin babban ministan lardi, ya sauka a 1990, ya kafa jam'iyyarsa ta Jamhoori Watan. A 1992 aka harbe ɗansa Salal a Kwetta, ya ɗora laifin a kan zuriyar Kalpar ta cikin ƙabilarsa, aka kore su daga gidajensu. Daga nan ya koma Dera Bugti yana shari'a irin ta kakanni, ana kuma zarginsa da gidajen yari na kansa. Ba waliyyi ba ne, kuma talakawansa sun fi kowa sanin haka.

Rikicin ƙarshe ya faro a Janairun 2005, lokacin da aka yi wa wata likita fyaɗe a gidajen ma'aikatan kamfanin gas na Sui. Yatsa ya nuna wani kyaftin na soja, Shugaba Pervez Musharraf ya fito fili ya wanke shi tun bincike bai kammala ba. A al'adar Bugti, keta mutuncin baƙuwa a ƙasarsu cin fuska ne ga ƙabila duka, sai rokoki suka fara sauka a kan tashar gas. A ranar 17 ga Maris aka yi ruwan wuta a garin Dera Bugti, mutane da dama suka mutu, ciki har da mabiya addinin Hindu da ke zaune kusa da gidansa. Chaudhry Shujaat Hussain da Mushahid Hussain sun zo sulhu daga Islamabad, kuma buƙatun da ya miƙa musu na kason arzikin gas ne, da dakatar da gina barikokin soja, da ba 'yan lardi murya kan tashar ruwa ta Gwadar da China ke ginawa. Buƙatu ne na mai neman haƙƙi a cikin ƙasa, waɗanda za a iya zama a kansu. Amma da aka harba rokoki a Kohlu ranar da Musharraf ya ziyarci garin a Disamban 2005, sai maganar sulhu ta mutu.

Bugti, yana dab da shekara 80, ƙafafunsa sun yi rauni, ya bar gida ya shiga duwatsu. A ranar 26 ga Agusta, 2006, aka kashe shi a wani kogo a gundumar Kohlu. Rundunar soja ta ce kogon ne ya rufta sakamakon fashewa, har da hafsoshinta a ciki, iyalansa kuma suka ce da gangan aka halaka shi. Ranar 1 ga Satumba aka binne shi a Dera Bugti cikin akwati mai kwaɗo, ba ɗa ba jika a wurin. Kwetta ta kama da wuta, aka sa dokar hana fita. A 2016 wata kotu ta wanke Musharraf daga tuhumar kisan.

Tawayen da ya biyo baya ya fita daga hannun sarakuna. Jikansa Brahumdagh ya tsere Afganistan, daga can ya wuce Suwizalan, jagoranci kuma ya koma hannun matasa 'yan boko na kudancin lardin, waɗanda ba su neman kason gas, ba su kuma jin maganar wani basarake. Islamabad na zargin Indiya da ɗaukar nauyinsu, Indiya na musantawa, a Janairun 2024 kuma Iran da Pakistan suka yi musayar makamai masu linzami a kan ƙasar Baloc ta ɓangarorin biyu. A ranar 26 ga Agustan 2024, daidai cikar mutuwarsa shekara 18, BLA ta kai hare-hare a sassan lardin, ta sauke matafiya daga motoci a Musakhel, ta duba katin shaidarsu, ta harbe mutum 23, yawancinsu 'yan Punjab masu neman abinci. Babban ministan da ya yi alkawarin ɗaukar fansa a ranar shi ne Sarfraz Bugti, ɗan gidan da ya yi gaba da Nawab tun yana raye.