Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo, Malamin Bodinga Da Gwandu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, matafiyin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Jega, ta kan Bodinga da Shagari da Tambuwal, yana ratsa ƙasar da aka yi wani karatu mai zurfi wanda har yau Musulmin Nijeriya suke cin amfaninsa. A Sifawa, wadda ke cikin ƙasar Bodinga, Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa, a Bodinga kuwa ƙanensa Malam Abdullahi ya kafa zama yana hukunci yana wallafa littattafai. Tarihin wannan ƙane shi ne abin da filin wannan mako ya ƙunsa, musamman ta fuskar yadda ya yi nazarin al'adun mutanen da, ya auna su da abin da ya tarar a zamaninsa.

An haifi Malam Abdullahi a shekara ta 1180 bayan Hijira, watau wajen 1766, a gidan malanta na Toronkawa. Mahaifinsa shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u, uwa ɗaya uba ɗaya suke da Shehu Usmanu, wanda ya girme shi da kimanin shekara 12. A wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani mai girma. Da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi ga wansa, ya zama shi ne malaminsa kuma abokin tafiyarsa.

Shi da kansa ya rubuta tarihin karatunsa a cikin wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, wanda ya gama a 1812. A ciki ya lissafa malamansa da littattafan da ya ɗauka daga kowannensu. Wurin Shehu ya karanta Ishiriniya da Witiriya, da tauhidi daga littattafan Sanusi, da nahawu tun daga Ajuruma, da fiƙihu daga Ahalari da Ishmawi da Risala, da tafsiri tun daga Fatiha har ƙarshen Alƙur'ani. Ya saurari Sahihul Buhari wurin kawunsu Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ya kuma zauna gaban Malam Jibirilu ɗan Umaru, babban malamin Shehu, ya ɗauki ilmin usulu. Wannan tsari shi ne babbar makarantar wancan zamani: ɗalibi ya bi malami duk inda yake, ya sauke littafi a gabansa, sa'an nan a ba shi izini.

Akwai fanni guda cikin karatun nan da ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa, shi ne waƙoƙin mawaƙan Larabawa shida na zamanin Jahiliyya, watau Imru'ul Ƙaisi da Nabiga da Alƙama da Zuhairu da Ɗarafa da Antara. Wani zai yi mamakin yadda gidan da ake kiran mutane zuwa ga Sunna yake karantar da yaro waƙoƙin mutanen da ba su musulunta ba. Dalili shi ne Alƙur'ani ya sauka da harshen waɗannan mutane, kuma ya yi magana a kan al'adunsu. Tun zamanin sahabbai Abdullahi ɗan Abbas yakan fassara baƙuwar kalma ta Alƙur'ani da baitin waƙar Larabawa, kamar yadda Imamu Suyuɗi ya kawo a cikin littafinsa Itƙan. Wanda bai san yadda Larabawa suke yanka a kan kafaffun duwatsu ba, ko yadda suke neman sanin rabo da kibau, ba zai fahimci abin da Suratul Ma'ida ta hana ba sai sama-sama. Malam Abdullahi ya san waɗannan abubuwa daga tushensu, har daga baya ya ƙulla ilmin da ke cikin Itƙan a waƙe, cikin littafinsa Miftahut Tafsiri.

Da wannan ido ya dubi ƙasar Hausa sa'ad da ya bi Shehu yawon wa'azi a Gobir da Kabi da Zamfara. Musulunci ya daɗe a ƙasar, amma an cakuɗa shi da gadon kakanni. Ana yanka ga itatuwa da duwatsu, ana duba a rairayi, ana girka bori, alhali masu yin haka da yawa suna salla suna azumi. Misali mafi bayyana shi ne Dirki na Kano, wanda tarihin Kano ya nuna Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu, sarakuna suna yi masa yankan shanu domin neman nasara, har zamanin Sarki Alwali da aka farke shi. Abin da ke ciki littafin Allah ne, amma abin da ake yi masa irin wanda Larabawan Jahiliyya suke yi wa duwatsunsu ne. Gane irin wannan cakuɗa yana bukatar malamin da ya san tsohuwar al'adar, ya kuma san shari'a, domin tsohuwar al'ada ba ta cika dawowa da sunanta na da ba.

Wa'azin bai tafi ba tare da suka ba. A lokacin rangadin Zamfara wani malami daga Barno, Mustafa Goni, ya yi wa Shehu baitoci yana zarginsa da barin mata su halarci wa'azi tare da maza. Shehu ya umurci Abdullahi, wanda a lokacin saurayi ne ɗan kimanin shekara 20, ya mayar da amsa a waƙe. Ma'anar amsar ita ce ba cakuɗa maza da mata ake yi ba, kuma barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi fitowarsu neman ilmi muni. A nan ma al'ada ce ta ƙasa, ta tsare mata ba tare da karantar da su ba, aka ɗora ta bisa ma'aunin shari'a aka ga ba ta cika ba. A 1788 kuma yana tare da Shehu a Magami, ran Babbar Salla, inda Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji.

Bayan Bawa al'amura suka ɓaci. Sarki Nafata ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya hana rawani da lulluɓi, ya ce wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin ubansa. A zamanin ɗansa Yunfa jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin watan Fabrairu na 1804. Malam Abdullahi yana cikin na farkon da suka yi wa Shehu mubaya'a, ya zama wazirinsa, shi ne kuma ya jagoranci rundunar da ta yi nasara a Tafkin Kwatto cikin watan Yuni na wannan shekara. An yi masa rauni a harin farko da aka kai Alƙalawa, ya warke, sa'an nan a 1805 ya ja rundunar da ta ci Birnin Kabi.

Amma jarrabawar da ta fi yi masa nauyi daga cikin gida ta fito. Da aka fara samun nasara, kuma malamai masu tsoron Allah da yawa suka yi shahada a Tsuntsuwa da Alwasa, sai ya ga waɗansu daga cikin waɗanda suka rage sun juya ga tara ƙwaraƙwarai da dawaki da tufafin ado, da neman muƙami, da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe irin na fadar da aka yaƙa. Abin da aka yi hijira domin gudunsa ya dawo a hannun masu rawani. Zuciyarsa ta ƙi, a 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina.

Da ya isa Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen garin suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda za su tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya ga cutar da ya gudo mata tana nan ma. Sai ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya yi bayanin hijira da naɗin shugaba da wajibansa da jihadi da hukuncin laifuffuka, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Ya ba da labari a cikin Tazyinul Waraƙati cewa mutanen sun tuba, suka farfasa kayan kiɗa, suka mai da kwangon gangunan abin zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya fasa tafiya ya koma wurin Shehu. Bai sami zuwa Makka ba har ya bar duniya.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya koma Sifawa wajen 1810, Muhammadu Bello yana gina Sakkwato, Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Bodinga kusa da wansa. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa biyu, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. Waɗannan shekaru su ne mafi albarka ga alƙalaminsa. A cikinsu ya rubuta Ida'un Nusukhi, da Tazyinul Waraƙati a 1813, inda ya tara waƙoƙinsa ya jera tarihin jihadi a kansu, da babban tafsirinsa Liya'ut Tawili wanda ya kammala wajen 1816. Yana da littattafai a nahawu da sarfu, kamar Baharul Muhiɗi da Hisnur Rasini. Ya kuma taƙaita Madkhal na Ibnul Hajji, malamin da ya rasu a Alƙahira a 1336, wanda ya bi al'adun mutanen Masar ɗaya bayan ɗaya yana rarrabe Sunna da bidi'a. Zaɓen wannan littafi ya nuna inda hankalinsa yake.

A wannan lokaci ne aka yi saɓanin ilmi tsakaninsa da Shehu, saɓanin da ya kamata ɗaliban yau su karanta da natsuwa. Sun bambanta a kan kayan kiɗa, da sa tufafin ado ga shugabanni, da kiran shugaban Musulmi da laƙabin sarauta. Shehu ya sassauta a waɗansu wurare domin kada a ƙuntata wa jama'a a abin da malamai suka yi saɓani a kansa, ya bayyana haka a Najmul Ikhwani. Malam Abdullahi ya tsananta a Liya'us Sulɗani, domin tsoron kada mulkin gado irin na da ya dawo da sabuwar riga. Amma a wata mas'ala shi ne ya fi sassauci. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi fatawar kafirta wanda ya taimaki kafirai a kan Musulmi. Malam Abdullahi ya ce ayar da aka kafa hujja da ita tana magana ne a kan taimakonsu bisa kafircinsu, amma taimako bisa saɓo zunubi ne, bai kai kafirci ba. Ashe mai tsanani a kan masu mulki ya kasance mai taka-tsantsan wajen fitar da mutum daga Musulunci. Duk da wannan saɓani bai fita daga biyayyar wansa ba, Shehu kuma bai tuɓe shi ba.

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817, jama'a suka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Abin ya sa sanyin zumunci tsakanin baffa da ɗan wansa na 'yan shekaru. Da tawayen Kalambaina ya tsananta wa Malam Abdullahi, Bello ya zo da runduna ya taimake shi, bayan nasara kuwa ya yi wa Bello mubaya'a, rigima ta mutu. Ya ƙare rayuwarsa a Gwandu, ya bar yawancin harkar mulki ga ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da rubutu. A 1822 ya yi wani tafsiri mai sauƙi, Kifayatu Lu'afa'is Sudani, domin ɗaliban da babban ya yi musu nauyi. Ya rasu a 1245 bayan Hijira, watau 1829, kabarinsa yana Gwandu.

Ilminsa bai tsaya a zaure ba. An buga Liya'ut Tawili a Alƙahira a 1961, an buga Tazyinul Waraƙati tare da fassarar Ingilishi ta Mervyn Hiskett a Ibadan a 1963. Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta sa wa babban ɗakin karatunta sunansa, kuma ɗaliban digiri na biyu da na uku a Sakkwato da Kano da Zariya suna rubuta kundaye a kan littattafansa.

Ga waɗannan ɗalibai da sauran masu wa'azi, tarihinsa yana ɗauke da sharuɗɗa. Na farko, a ƙware a harshe, domin wanda bai san Larabci da Hausa sosai ba zai yi wa nassi da al'ada mummunar fahimta. Na biyu, a san tsohuwar al'ada daga tushenta kafin a yi mata hukunci, a bambanta wadda ta shafi bauta, kamar zuwa wurin boka da ɗan duba da yanka domin aljanu, da wadda zaman duniya ce kawai ba ta saɓa wa shari'a ba. Na uku, kada a dubi na ƙauye kaɗai a kau da kai daga na fada, domin ɗan kasuwa ko mai neman muƙami da ya binne laya da dabba domin nasara bai bambanta da masu yi wa Dirki yanka ba. Na huɗu, a ji tsoron kafirta Musulmi, a kuma riƙe ladabi idan an yi saɓani, yadda wa da ƙane suka riƙe tsakanin Sifawa da Bodinga.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi da Shehu da sauran malaman da suka gabata, Ya haskaka kaburburansu, Ya amfanar da Musulmi da ilmin da suka bari, amin.