Alioune Diop, wanda ya buɗe wa marubutanmu ƙofa

An haifi Alioune Diop a Saint-Louis ta ƙasar Senegal cikin 1910. Mushen lakwal ne kamar mu. A zamaninsa, baƙar fata in ya rubuta littafi, sai ya yi ta bin ƙofofin Turawa. Don haka ya kafa mujallar Présence Africaine a Paris cikin 1947, sannan gidan buga littattafai cikin 1949. Da ya tara marubuta baƙar fata a Sorbonne cikin 1956, Picasso ne ya zana hoton sanarwar taron, mai zanen nan da sassaƙen Afirka ya sauya wa hannu. A gidan Diop aka buga littattafan Boubou Hama namu. Ya rasu cikin 1980, matarsa Christiane ta ci gaba da aikin.