ROBERT HARKNESS, MAI-KAƊA PIYANO NA BISHARA

Sa'ad da mu ke ba da labarin manyan tarurrukan bishara na dā, mukan ambaci mai-wa'azi, wani lokaci kuma mai-bi da waƙa. Ba safai mu ke tunawa da mutumin da ya ke zaune a gefe yana kaɗa piyano ba. A wannan wata za mu ba ku labarin ɗaya daga cikin irin waɗannan, wanda masu-kaɗa piyano cikin ekklesiyoyi da yawa su ke bin sawunsa har yau, ko da ba su taɓa jin sunansa ba.

An haifi Robert Harkness ran 2 ga Maris 1880 a Bendigo, wani garin haƙar zinariya cikin ƙasar Ostareliya. Ubansa yana da maƙera babba inda a ke narka ƙarfe, shi kuwa mutumin ekklesiyar Metodis ne mai-himma. Yaron ya tashi cikin gidan addu'a, ya koyi kiɗa tun yana ƙarami, har ya zama mai-kiɗa a majami'a. Amma zuciyarsa ba ta wurin Ubangiji. Wannan abu ne da ya kamata dattawan ekklesiya su lura da shi: mutum ya iya zama a gaba kowace Lahadi, yana riƙe da waƙar jama'a duka, shi kansa kuwa bai san Mai-Ceton da a ke yabo ba.

A shekara ta 1902 Dr. R. A. Torrey na Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Moody a Shikago ya zo Ostareliya domin wa'azi, tare da Charles Alexander mai-bi da waƙa. Bayan babban taro a Melbon suka zo Bendigo, aka roƙi Harkness ya kaɗa musu. Ya yarda, amma ba da son ransa ba, gama ya rena waƙoƙin bishara, yana ganinsu kamar wasan yara ne in an gwada su da kiɗan manyan gwanaye da ya koya. Akwai wata waƙa a kan ɗaukakar sama wadda Charles Gabriel ya rubuta, Alexander kuwa yana sonta ƙwarai, yana ta maimaita ta. Da Harkness ya gaji, sai ya bar abin da ke rubuce cikin littafi, ya shiga ƙara ado, yana gudu da yatsunsa daga wannan gefen piyano zuwa wancan, da nufin ya ɓata wa Alexander rai. Ashe abin da Alexander ya daɗe yana nema ke nan. Maimakon ya tsauta masa, sai ya yi masa alama ya ci gaba, daga baya kuma ya roƙe shi ya bi su. Alexander bai tsaya ga yatsun saurayin kaɗai ba, ya dinga yi masa maganar ransa da haƙuri, ba da daɗewa ba kuwa Harkness ya ba da kansa ga Yesu Kristi.

Domin mu gane abin da ya yi, sai mu ɗan bayyana yadda a ke rubuta waƙoƙin sujada. A cikin littattafan waƙa na Turawa an shirya kowace waƙa domin muryoyi huɗu, biyu na mata, biyu na maza. Wannan shiri domin makogwaro a ka yi shi, ba domin piyano ba. In mai-kiɗa ya danna waɗannan huɗu kaɗai, ya isa a ɗaki ƙarami, amma a gaban mutum dubu biyar ba wanda zai ji shi, a zamanin kuwa babu na'urar ƙara murya. A manyan majami'u ogan a ke kaɗawa, wanda iska ke ba shi murya. Muryarsa tana da kauri, amma ba ta da bugu, jama'a kuwa sukan ja waƙa a baya har ta yi sanyi. Piyano dabam ne. A cikinsa 'yan guduma ne su ke bugun tsirkiya, saboda haka kowace murya tana fita da bugu sarai. Mu da mu ka saba da ganga a sujada mun san amfanin wannan: bugu ne ke haɗa bakin jama'a wuri ɗaya.

Ga dabarar Harkness. Da hannun dama yakan kaɗa ainihin muryar waƙa ninki biyu, sama da ƙasa, ya cika tsakaninsu da sauran muryoyin, domin kowa ya ji inda waƙa ta nufa. Hannun hagu yakan sauka can ƙasa ya buga murya mai-kauri, ya hau tsakiya, ya sake sauka, kamar mai-taka rawa. Inda jama'a su ke riƙe kalma ɗaya da tsawo, ko suna shan numfashi a ƙarshen layi, nan ne yakan sa adonsa, don kada wurin ya zama wofi, ya kuma kai su bakin layi na gaba. In waƙa ta yi wa jama'a tsayi, yakan saukar da ita nan take. Yakan riƙe waƙoƙi da ka, gama idonsa ba ya kan takarda, yana kan hannun Alexander, wanda ya kan tsai da taro a tsakiyar baiti, ko ya sa mata su rera su kaɗai, ba tare da ya faɗa tun da wuri ba.

Da haka suka bi ta Niyu Zilan da Indiya har Ingila. A farkon 1905 suka yi wajen wata biyu suna taro a Royal Albert Hall cikin Landan. Daga 1908 Alexander ya haɗa kai da Dr. Wilbur Chapman, Harkness kuwa ya bi su zuwa biranen Amurka, da Ostareliya, da Sin, da Koriya, da Japan.

Ya kuma shirya muryoyin waƙoƙi masu-yawa, an ce sun fi 2,000. Labarin ɗaya ya isa ya nuna irin mutumin da ya zama. A Toronto ta Kanada, cikin 1906, ya yi taɗi da wani saurayi sabon tuba wanda ya ke jin tsoro ba zai iya jimrewa cikin bangaskiya ba. Maganar ta tsaya wa Harkness a rai. Ya rubuta wa Ada Habershon, wata mai-bi a Landan wadda ta ke rubuta waƙoƙi, ya roƙe ta kalmomin da za su tabbatar wa irin wannan mutum cewa Kristi ne ke riƙe da shi. Ta aiko, ya sa musu murya, aka fara rera waƙar a tarurrukansu. Wanda ya taɓa rena waƙar bishara, ga shi yanzu yana neman waƙa domin rai guda.

Alexander ya rasu a 1920. Harkness ya zauna a Amurka, yana zagawa da matarsa Ruth, wadda ya aura a 1912, ita tana waƙa, shi yana kiɗa. Ya rubuta tarihin Torrey a 1929. Ya buɗe makaranta ta hanyar wasiƙa, yana aika darussa ga masu-kaɗa piyano a ƙasashe dabam dabam, a 1941 kuma ya buga littafin koyar da hanyarsa. Ta wurin waɗannan ne salon ya bazu, har ya zama abin da a ke ji kullum a ekklesiyoyin bishara.

A ganinmu ba dukan waɗanda su ka gāji salon ne su ka gāji hankalinsa ba. Ado ya fi sauƙin kwaikwayo. Mun ji masu-kiɗa da su ke cika kowane gurbi da gudun yatsu, har tsofaffi su rasa inda za su shiga, kalmomi su nutse, jama'a su yi shiru suna kallo. Harkness ya sa adonsa inda bakin jama'a ya tsaya ne, ya kuma koyar cewa mai-kiɗa ya fara sanin ma'anar kalmomi kafin ya taɓa piyano, gama baitin gicciye da baitin tashi daga matattu ba da hannu ɗaya a ke kaɗa su ba.

Ya rasu a Landan ran 8 ga Mayu 1961, yana da shekara 81. Waƙar nan ta saurayin Toronto ta kusa ɓacewa daga littattafai, sai a 2013 wani mai-kiɗa na wata ekklesiyar Baftis a Washinton, Matt Merker, ya ɗauki kalmomin Habershon ya sa musu sabuwar murya, ta sake bazuwa cikin ekklesiyoyi da ita.