Antonio de Nebrija da Tsarin Aikatau a Nahawun Sifaniyanci

An haifi Antonio de Nebrija a garin Lebrija da ke kudancin Sifaniya a wajajen 1444. Ya yi karatu a Salamanka, ya ƙaro ilimi a Bolonya ta ƙasar Italiya, sannan ya dawo yana koyar da harshen Latin. A shekarar 1492 ya wallafa nahawun Sifaniyanci na farko, a zamanin da malamai ke ganin harshen talakawa bai cancanci a rubuta masa ƙa'idoji ba.

Ya kasa aikatau gida uku bisa ga ƙarshensu, wato -ar, -er da -ir. Ya fitar da sigogi biyar, ciki har da ta umarni da ta fata, da kuma lokuta biyar waɗanda ya raɗa wa sunaye da harshen jama'a. Ya kuma nuna cewa amaré, wato zan so, haɗi ne na amar da he.

Sai dai littafin bai karɓu a zamaninsa ba, domin ba a sake buga shi ba sai a ƙarni na 18. Nebrija ya rasu a Alkala a 1522, amma har gobe wannan rabo na gida uku ɗalibin Sifaniyanci ke fara koya.